Tukunyar da aka gina don ta zubar da ruwa

Ranar da na fara zuwa Afari, garin magina tukwane kusa da Kumasi, neman wadda zata gina min tukwanen dasa 'yan bishiyoyina, matar da aka nuna min ta bar ni na gama bayanina kaf da Tonancin da muka tashi da shi a kasuwa, tana zaune a kan 'yar kujerarta hannu duk yumɓu, bata katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama sai ta goge hannu a zani tace, "Kramo, tun ina yarinya nake wannan aiki, duk wanda ya zo nan fatansa ɗaya ne, kar tukunya ta yi yoyo. Kai kuma ka biya kuɗin mota tun daga Aboabo don in huda maka gindinta da hannuna?" Nace eh Maame, kuma ba huda ɗaya ba, manya 2 da ƙanana 4. Ta daɗe tana kallona.

Ban ga laifinta ba ko kaɗan, don abin da na zo nema ya saɓa wa duk abin da hannunta ya saba. Randa, tulu, tukunyar miya, ta dafa magani, dukkansu an gina su ne su riƙe abin da aka zuba musu, ciki ya yi faɗi wuya ya tsuke. Ni kuma ina son abu mara zurfi, baki a buɗe, gindi a shimfiɗe, da ƙafafu, wanda in ka zuba masa ruwa kafin ka ajiye buta ruwan ya fice.

Ni tela ne, shagona na nan Aboabo, kuma gidan da muke ciki irin gidajen Zango ne da kowa ya sani, ɗakuna a jere, tsakar gida an malale ta da siminti, babu inda zaka tona ka sa ko barkono. Amma tun ina yaro ina son itace. Kakanmu da fataucin goro ya kawo shi ƙasar nan daga Arewa, har ya rasu bai daina zancen tsamiyar ƙofar gidansu ba, inuwarta da yadda ake shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta, mu kuma a Kumasi tsamiya sai dai mu ganta a curi a kasuwa. Wani azumi Hajiya ta jiƙa tsamiya don kunu, na kwashi 'ya'yan da ta tace na tura a gwangwanin tumatir, uku suka tsiro. Lokacin ne ina duba waya na ci karo da hoton wata tsohuwar bishiya mai kauri da rassa da komai, amma tana zaune a cikin abu kamar faranti a kan tebur, na ɗauka haɗin kwamfuta ne sai da na bi diddigi na gane ashe sana'a ce mai suna bonsai. Kalmar ta Japan ce, ma'anarta shuka a cikin tire, amma asalin abin daga Sin ya je musu, can suna ce masa penjing, har akwai zanen bangon wani kabari na shekarar 706 da ke nuna bayin sarki ɗauke da irin waɗannan tirori. Kuma ba wani irin iri ba ne na daban, wannan shi ne abin da nake shan maimaita wa masu zuwa karɓar ɗinki. Tsamiya ce dai ta Allah, cediya ce dai, in ta yi 'ya'ya ka shuka a fili zata zama ƙatuwa kamar uwarta. Abin da ke riƙe ta ƙarama shi ne aski da ake wa rassa da saiwa, da kuma ɗan wurin da aka bata ta zauna. Ita tanƙwara rassan da ake da wayar ƙarfe kuwa Bahaushe ya riga ya faɗa, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Hajiya bata so ba da farko, tace tsamiya da kuka ba a ajiye su cikin gida, kowa ya san abin da ake cewa na zama a kansu. Na bata haƙuri na mayar da su bayan shago a kan benci, can suke har yau, ita ma yanzu in ta biyo ta wajen takan tsaya ta tambaya wacce ce ta yi toho.

Cikin tsamiyoyi ukun nan da suka tsiro akwai ɗaya da ta fi, gindinta ya yi kauri da wuri kuma ta ɗan karkace daga ƙasa kamar iska ta daɗe tana kaɗa ta. Shekara 4 ina renonta a bokitin roba da na huda da ƙusa mai zafi, tana lafiya ƙalau. Sai na ga ya kamata ta samu mazauni mai kyau, na shiga kasuwar Kejetia na sayo wani kwanon tangaran fari mai zane shuɗi, irin na jeren amare, babu huda a gindinsa amma nace zan zuba tsakuwa a ƙasa ruwa ya riƙa taruwa can. Wannan a watan Mayu ne. Duk wanda ke Kumasi ya san ruwan Yuni, sai a kwana ana yi a wuni ana yi. Sati 3 ganye ya fara rawaya yana zuba, na ɗauka yunwa ce na ƙara mata taki, ashe fetur na ƙara wa wuta. Ranar da na ciro ta warin da ya bugo ni ba zan manta ba, saiwar duk ta yi baƙi ta yi laushi, kana taɓawa tana saɓulewa. Wallahi ranar ban iya taka keke ba, na rufe shago kafin la'asar.

Daga baya na fahimci abin da ya faru. Saiwa tana numfashi, iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take shaƙa, in ruwa ya cike wuraren nan ya tsaya to shaƙe ta aka yi, kuma tsakuwar da na zuba babu abin da ta yi sai ɗaga ruwan da ta yi zuwa kusa da saiwa. Sannan wani abu da ba kowa ke zato ba, tukunya mara zurfi ta fi mai zurfi riƙe laima, kamar soso ne, in ka kwantar da shi ya fi riƙe ruwa a kan in ka tsayar da shi a tsaye. Shi ya sa tiren bonsai da ka ga bashi da zurfi, shi ne ma ya fi buƙatar manyan hudoji.

Toh daga nan neman tukunya ya zama min aiki. Na masu sayar da fulawa a bakin titi na siminti ne, ga nauyi ga zurfi, ƙaramar bishiya sai ta ɓace a ciki. Na roba rana na cin su, shekara ɗaya biyu sun fara ɓarewa, kuma da tsakar rana roba baƙa zafi take ɗauka har ta dafa saiwar da ke gefe. Na asali kuwa, na duba su a intanet har idona ya gaji. Akwai garin Tokoname a Japan kusa da Nagoya, ɗaya ne cikin tsofaffin garuruwan gasa tukwane guda 6 na ƙasar, tukwanen bonsai nasu ake ji da su a duniya, kowane magini da hatiminsa a gindin tukunya. Akwai kuma Yixing a lardin Jiangsu na Sin, masu yumɓun nan ja-ja mai duhu da ake butocin shayi da shi, tun da can Japanawa kansu daga Sin suke sayo tukwanen da suka fi daraja a wurinsu. Sai dai in ka haɗa kuɗin tukunyar da na jirgi da na fito da kaya ka juya shi zuwa sidi, ɗinkin sallah guda zai tafi a kan tukunya ɗaya da ba tabbas ta iso ba a fashe ba.

Abin da ya buɗe min ido a madafin gidanmu yake, asankar da ake niƙa barkono. Na dube ta wata rana nace to ai ga shi, baki buɗe, ba zurfi, jar ƙasa ce da aka gasa, har da zanen nan na ciki da ake yi don niƙa wanda saiwa zata samu abin kamawa. Huda kawai ta rasa. Na kai wa wani abokina mai injin huda bango, ta farko ta rabe biyu, ta biyu ma haka, ta uku muka jiƙa ta a ruwa ta kwana sannan aka huda a hankali ana ɗiga ruwa a wurin, ta tsira. Cediyata ta farko a cikinta ta yi shekara 2 kuma ta ji daɗi. Matsalarta dai gindin asanka a tsuke yake, saiwa bata samun shimfiɗuwa, kuma in ka ajiye ta a benci hudar sai ta manne da katako ruwa ya rasa hanya, sai na riƙa sa mata duwatsu 3 kamar murhu. Nan na ce wa kaina waɗanda suka gina wannan ai suna nan kusa, ba sai an je Japan ba. Pankrono a hanyar Mampong ita ta yi suna da tukwane tun da, amma gari ya cinye wurin, sai aka ce min in bi ta Sofoline da Abuakwa in nufi Afari a hanyar Nkawie, ko Mfensi a hanyar Sunyani, can yumɓu yake.

Kafin in tafi na zauna da tef ɗina na yi awo kamar zan yanka wa mutum kaftani, don gaskiya aikin ɗaya ne, jiki ake duba kafin a taɓa yadi. Ƙa'idar da masu abin suka gada ita ce tsawon tukunya ya kai kamar kashi 2 cikin 3 na tsayin bishiyar, zurfinta kuma ya yi kusa da kaurin gindin itacen. Cediyata tsayinta inci 18, kaga tukunya zata kama inci 12. Zurfin ne ban bi su ba, kuma har gobe ba zan bi ba. Gindinta inci 2 ne, in na bata ƙasa mai zurfin inci 2 a hunturun Kumasi, iskar nan mai busar da leɓe, ƙasar ta yi kaɗan, kafin azahar ta bushe ƙamas ina can ina fama da ɗinki. Na mayar da shi inci 3 da rabi. Waɗanda suka kafa ƙa'idar da itatuwansu da yanayinsu suka auna, namu itacen na zafi girmansu da sauri yake kuma shan ruwansu ya fi.

Sai hudoji. Manyan na fitar ruwa ne, kowanne ya kai babban yatsa ya shige, ana rufe su da guntun ragar taga don ƙasa kar ta zube. Ƙananan na waya ne, ta nan ake zuro waya a ɗaure gindin bishiyar da tukunya, don sabuwar dashe in iska na girgiza ta ƙananan saiwoyin da ke fitowa tsinkewa suke. Wayar tagulla nake samu a Suame Magazine, unguwar makanikai, wurin masu naɗin wayar injin lantarki, in ƙona ta a gawayi ta yi laushi. Sai ƙafafu 4 da zasu ɗaga gindi iska ta ratsa. Sai kuma abu na ƙarshe da ya fi ba mu wahala ni da Maame, wato baki. Hannunta ya saba in ta zo ƙarshe ta lanƙwaso leɓe ciki, haka ake wa tukunya don kar miya ta fantsala. Amma bishiyar bonsai duk bayan shekara 1 ko 2 ake ciro ta a rage saiwa a sake ƙasa, a lokacin saiwar ta cika tukunyar ta zama dunƙule guda, in baki ya fi ciki tsukewa ba zata fito ba sai an fasa tukunyar ko an yayyanka saiwa. Sau uku tana ginawa ina cewa Maame a buɗe bakin, tana cewa hannun ne ke tafiya da kansa.

Guda 12 muka yi a karon farko, na ce mata masu kusurwa huɗu nake so irin na hotunan da na nuna mata a waya. Ta yi shiru ta gina. Bayan sati 3 na koma, 5 ne suka fito, sauran duk sun tsage, kuma kusan wuri ɗaya, ko dai a kusurwa ko kuma tsaga ta taso daga huda ta ratsa gindi. Waɗanda suka tsira ma biyu gindinsu ya bankare suna rawa a kan benci. Na biya ta kuɗin 12 ɗin duka don aikinta ta yi, yumɓunta da itacenta sun ƙone, kuma ni na kawo fasalin.

Ita ce ta warware min abin, ba waya ba. Ta ɗauko ɗaya daga cikin fasassun ta nuna min tace yumɓu in yana bushewa tsukewa yake, bango siriri ne iska na dukansa ta ko'ina sai ya riga bushewa, gindi kuma yana kwance a ƙasa da laimarsa, ɗaya na ja ɗaya na tsaye, dole wani wuri ya yage, kuma inda aka huda ko inda aka yi kusurwa nan ne mai rauni. Tukunya mai zagaye ƙarfin jan yana rabuwa ko'ina daidai, shi ya sa kakanninta basu taɓa gina mai kusurwa ba. Ni da nake yanka yadi na gane maganar nan take, ɗinki ma a kusurwar aljihu yake fara yagewa. Maganinta kuwa, ta daka tsingaron fasassun tukwane ya zama kamar tsakin masara ta cuɗa cikin sabon yumɓu, shi tsingaro ya riga ya sha wuta baya ƙara tsukewa, sai ya rage wa yumɓun ja. Ta daidaita kaurin gindi da na bango. Ta daina shanya su a sarari, ta sa su cikin ɗaki a kan yashi ta lulluɓe bakin da leda don gindi ya kamo shi, bayan kwana biyu ta kife su. Hudar kuma ta daina yi da ɗanyen yumɓu, sai ya yi tauri kamar sabulu sannan ta sa guntun gora ta murza ta shafe gefen da ɗan yatsa mai ruwa. Ƙafafun ma a lokacin take manna su, ta karce wurin ta shafa ruwan yumɓu. Sannan tace in bar zancen kusurwa, zata yi min masu zagaye da masu siffar ƙwai. Na yarda, kuma ban yi nadama ba.

Wani abin da na koya da tsada shi ne tsukewar nan ba kaɗan ba ce, daga ɗanye zuwa gasasshe yumɓu kan rage kusan kashi 10 cikin 100, kamar yadin da ba a jiƙa ba kafin a yanka. In inci 12 nake so sai mu gina 13 da ɗoriya.

Na kwana biyu ina roƙo kafin ta bar ni na tsaya ranar tuyar tukwanen. Da sassafe ake farawa, ta fara jera tukwanen kusa da 'yar wuta su yi ɗumi tana jujjuya su, don in da sauran laima a cikin yumɓu ta haɗu da babbar wuta tururi ne zai tarwatsa tukunyar har ta fasa na kusa da ita. Sannan a jera su a kan itace a lulluɓe da wani itacen da busassun ganye a cinna. Wutar fili irin wannan tana kaiwa digiri 600 zuwa 800 da wani abu, ya isa ya mayar da yumɓu abin da ruwa ba zai sake narkar da shi ba. Waɗanda nake so baƙaƙe, tana ciro su da doguwar sanda suna ja zur ta tura su cikin garin katako, hayaƙi ya turnuƙe, su fito baƙi wuluk da ɗan sheƙi. Wanda iska ta taɓa gefensa sai ya bar ja-ja a nan baƙi a can, irin kalar da ba mai iya yin ta da gangan. Karo na biyu cikin 10 guda 9 suka fito, ta ɗauki kowacce ta ƙwanƙwasa da ɗan yatsa tana saurare, mai lafiya tana amsawa da ƙara, mai ɓoyayyar tsaga muryarta a dishe take.

Akwai wani matashi da nake wa ɗinki, ya karanta aikin tangaran a Tech, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, kuma yana da tanda mai aiki da gas a gidansu. Da ya ga tukwanen a bayan shago yace Baba tela waɗannan ai basu gasu ba, na ƙasashen waje sai an kai digiri 1200 ko fiye yumɓun ya haɗe ya zama kamar dutse. Gaskiyarsa ne, amma na tambaye shi me ya sa suke kaiwa can, muka bi zancen muka ga babban dalilin sanyi ne. A Japan da Turai tukunya na kwana a waje cikin ƙanƙara, in jikinta na tsotsar ruwa sai ruwan ya daskare ya kumbura ya fasa ta. Mu ina muka ga ƙanƙara a Kumasi? Tukunyar Maame tana tsotsar ruwa tana fitar da shi ta jiki kamar randa, hakan na sanyaya saiwa da rana kuma da damina yana taimakon ƙasa ta tsane. Aibinta ban ɓoye ba, da hunturu sai na shayar safe da yamma, tana yin gansakuka, tana saurin guntulewa in ta bugu, kuma saiwar cediya da ke tsaga bango in ka bar ta ta wuce lokacinta zata iya tsaga ta. Ɗaya ta taɓa yi min haka.

Duk da haka mun gwada. Jar ƙasar Maame bata jure babbar wuta, wadda muka sa ta lotsa ta kumbura, sai ya haɗa wani yumɓu mai haske na kai mata ta gina da hannunta shi kuma ya gasa, ya shafa musu ruwan ƙyalli da ya haɗa da toka, waje kawai, don cikin tukunyar bishiya ba a shafa masa komai. Shi ne ya bani labarin cewa wannan haɗin ba yau aka fara ba. Wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya zo ƙasar nan a 1942 yana aiki ƙarƙashin kwalejin Achimota, a 1945 ya koma Vume a bakin kogin Volta yana ta fama ya fitar da tangaran daga ƙasar nan, daga baya ya tafi Najeriya ya buɗe wurin koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wadda ake kira Suleja yanzu. A can ne Ladi Kwali ta shiga a 1954, tana gina manyan tulunanta da hannu yadda ta gada ana gasa su a babbar wuta da ƙyalli, ita ce hotonta ke bayan naira 20. Na ji daɗin labarin sosai, don mace ce irin Maame.

Masu ƙyallin sun yi kyau, kore-kore mai duhu, na sa wa bogenbiliya da kariya, masu fure dama su ake ba tukunya mai launi. Amma tsamiya da kuka na gwada su a ciki idona ya ƙi. Ɓawon tsamiya mai kaushi ne da tsage-tsage, kuka kuma jikinta toka-toka ne mai nauyi, in ka zaunar da su a abu mai sheƙi kamar ka sa wa dattijo rigar ango ne, ido sai ya tafi kan rigar. A baƙar tukunyar hayaƙi kuwa sai su zauna daram, kana ganinsu ka ga Arewa. Ƙasar da nake zuba musu ma ta nan ce, Japanawa na da tasu akadama, ni marmara nake tankaɗewa in cire garin in bar tsakin, in haɗa da dakakken jan bulo da gawayi da ɗan ɓawon kwakwa.

Abu ɗaya ke damuna duk zuwan da zan yi, ban taɓa tarar da yarinya zaune kusa da ita tana koyo ba. 'Ya'yanta suna birni, kuma ban ce sun yi laifi ba, roba da alminiyon sun kashe kasuwar tulu da randa, asanka ce kawai ta rage ana saye. Shi ya sa bana taya mata kaya, abin da ta faɗa shi nake biya, wanda duk ya ga tukunya a shagona ya yaba nakan ce ya kawo awon bishiyarsa in kai mata, mun kai mu huɗu yanzu da muke haɗa oda.

Watan jiya tace min ta gaji da gina wa bishiyar da bata taɓa gani ba. Sai na ɗauki ƙanwar waccan tsamiyar da ta mutu, ɗaya daga cikin biyun da suka rage, na rungume ta a cinya cikin motar haya ta trotro tun daga Sofoline mutane na ta leƙe suna tambaya ko ta roba ce. Da na sauke ta a gabanta ta zagaya ta sau biyu, ta tsuguna ta shafa gindin, ta tambayi shekarunta nace 9. Sai tace tukunyar ta yi mata faɗi kuma ƙafafun sun yi tsawo, bishiya mai karkata haka tana son abin da ya kwanta a ƙasa ya riƙe ta. Ban taɓa faɗa mata wata ƙa'ida a kan wannan ba. Ta karɓi tef ɗina ta juya shi ta miƙo min, ta auna da tafin hannunta, ɗani ɗaya da yatsu huɗu, tace in dawo bayan sati 3, kafin ruwan Maris ya sauka, lokacin dashe.